Hatimin Injiniya Shaida Ce: Wa Ke Ɗaukar Alhaki Idan Gini Ya Rufta?

Da safiyar Juma'a, 12 ga Yulin 2024, ɗalibai suna cikin azuzuwansu a makarantar Saint Academy da ke unguwar Busa Buji a Jos, sai benen ya rufto musu. Mutum 22 suka rasu, galibinsu yara, sama da 100 kuma suka jikkata. Wata biyu bayan haka, ranar 10 ga Satumba, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, ya raba dubban ɗaruruwan bayin Allah da muhallansu. Kafin waɗannan, a watan Agustan 2022, wani bene da ake kan ginawa ya rushe a titin Beirut cikin birnin Kano, a tsakiyar kasuwar 'yan waya. A watan Agustan 2023 kuma wani sashe na tsohon masallacin Juma'a na Zariya ya faɗo wa masallata ana sallar La'asar.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, abin da ke biyo baya sananne ne. A yi jana'iza, a yi ta'aziyya, gwamnati ta kafa kwamitin bincike, sannan a shiga wata sabgar. Tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba ita ce ta mutumin da aka ba shi ilimi da lasisi domin ya hana faruwar hakan tun farko, wato injiniya. Mene ne wajibinsa, ina iyakar alhakinsa, kuma me ya rage a wuyan mai gini da hukuma da sauran jama'a?

Abin da lasisi ke nufi

A Nijeriya, hukumar da ke kula da aikin injiniya ita ce COREN, wadda aka kafa da doka mai lamba 55 ta shekarar 1970, aka yi wa dokar gyara a 1992, aka sake yi mata wani a 2018. Ita ke tantance kwasa-kwasan injiniya a jami'o'i da kwalejojin fasaha, ita ke yi wa injiniyoyi da mataimakansu da masu sana'ar hannu rajista, kuma tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa da ke iya soke sunan wanda ya saɓa ƙa'ida. Laifi ne a doka mutum ya kira kansa injiniya ko ya yi aikin injiniya ba tare da rajista ba. Akwai kuma Ƙungiyar Injiniyoyi ta Nijeriya, NSE, wadda aka kafa tun 1958. Masu zanen gini da ƙwararrun magina su ma kowanne da hukumarsa, sannan ƙasar ta fitar da kundin ƙa'idojin gini a 2006.

Digiri kaɗai ba ya ba mutum hatimi. Sai ya yi shekaru yana aiki a ƙarƙashin manya, an tantance shi, kafin a ba shi lambar rajista. Dalili kuwa shi ne abin da hatimin ke faɗa. Idan injiniya ya buga shi a kan zane, yana shaida wa jama'a cewa ya yi lissafin nauyin da ginin zai ɗauka, ya san yanayin ƙasar wurin, kuma girman ginshiƙai da yawan rodin da ya rubuta sun isa. Jami'in hukumar tsara birane da ke bayar da izini ba ya sake lissafin daga tushe a kowane zane, yana dogara ne da wannan shaida. Mai gida bai san lissafi ba. Ɗan haya da ɗalibi da mai sallah ba su ma taɓa ganin zanen ba. Dukkansu sun rataya rayukansu a kan gaskiyar mutum ɗaya.

Wannan ne ya sa maganar ta shiga babin shaida a Musulunci. Hadisi ingantacce a Bukhari da Muslim ya jera shaidar zur cikin mafi girman manyan zunubai, tare da shirka da saɓa wa iyaye, har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tashi zaune daga kishingiɗe yana ta maimaita gargaɗin. Injiniyan da ya karɓi kuɗi ya buga hatimi a kan zanen da bai duba ba, ko ya ara wa wani kamfani takardunsa don a ci kwangilar da ba zai taɓa leƙa wurinta ba, ya shaidi abin da bai gani ba. Ko ginin bai faɗi ba, shaidar ta riga ta zama ta ƙarya tun ranar da aka buga ta.

Inda ha'inci ke ɓuya

Aikin gini ya bambanta da yawancin sana'o'i ta fuska ɗaya: aibinsa ɓuya yake yi. Tela idan ya ɓata ɗinki, mai riga zai gani ranar da ya saka. Amma da zarar an zuba kankare an yi filasta an shafa fenti, babu mai iya gane ko rodi mai kaurin milimita 16 aka sa a ginshiƙi kamar yadda zane ya ce, ko mai 12 aka maye gurbinsa da shi. Babu mai ganin ko an bi awon da aka saba na kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, ko an tsawaita buhu ɗaya ya yi aikin biyu. Kankare yana buƙatar a riƙa ba shi ruwa kwanaki bayan zubawa, kuma ana auna cikakken ƙarfinsa ne a kwana 28. Ɗan kwangila mai gaggawa kan cire katakon da ke tallafe da dakin tun bai nuna ba, ya ɗora wani hawa a kai. Gwajin ƙasa kafin haƙa harsashi da gwajin samfurin kankare a ɗakin bincike su ne abubuwan farko da ake tsallakewa idan ana son rage kuɗi.

Sanannen hadisin nan na Muslim ya yi daidai da wannan hali. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa cikin tarin, ya ji danshi a ƙasa alhali sama a bushe take. Ya tambaye shi dalilin da ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya barranta daga mai ha'inci. Filasta mai kyau a kan ginshiƙi maras rodi ita ce busasshen hatsin da aka ɗora a sama. Suratul Muɗaffifina kuma ta buɗe da narkon azaba ga masu tauye mudu, kuma rage siminti da rodi tauye mudu ne da ake biyan kuɗinsa da rai.

Tsadar kaya ta ƙara matsin. A farkon 2024 buhun siminti mai kilo 50 ya haura naira 10,000 a wurare da dama, rodi ma ya tashi. Mai gini yana son a gama da kuɗin da ya tanada tun kafin tashin farashi, ɗan kwangila yana son ribarsa, injiniya matashi kuma yana tsoron kada ya yi magana a kore shi a ɗauko wani. Uzurin yana da ƙarfi, amma bai kai ya halatta a saka rayuka a caca ba. Abin da ya dace idan kuɗi ya gaza shi ne a rage girman ginin ko a dakata, domin hawa biyu masu inganci sun fi huɗun da za su zama kabari. Ƙa'idojin aikin injiniya a ƙasashe da dama sun yi tarayya a kan abu ɗaya: lafiyar jama'a da tsaronsu suna gaba da buƙatar wanda ya ba da aiki.

Abin da fiƙihu ya riga ya tanada

Malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu ake karantawa a zaurukanmu, sun daɗe da tattauna wannan. Asalin ƙa'ida ita ce wanda aka ba amana ba ya biya sai in ya yi sakaci. Amma Imam Malik ya keɓe masu sana'a da suka buɗe ƙofa ga kowa, ya ce suna lamunin kayan da aka ba su su yi aiki a kai, sai in hujja ta tabbatar da cewa ba laifinsu ba ne. Hukuncin yana nan a Risalar Ibn Abi Zaid, kuma dalilinsa maslaha ce: mutane ba su da makawa sai sun miƙa kayansu ga masu sana'a, ba sa ganin abin da ake yi a bayan idonsu, don haka idan babu lamuni dukiyoyi za su salwanta. Idan an yi wannan tsanani a kan yadin da aka kai wa marini, ina ga gidan da iyali za su kwana a ciki?

Akwai kuma hadisin da Abu Dawud da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito, wanda ya ɗora lamuni a kan duk wanda ya shiga aikin likita alhali ba a san shi da ilimin ba. Daga nan malamai suka bambance tsakanin ƙwararren da ya yi iya ƙoƙarinsa ya kuskure, da jahilin da ya kutsa cikin abin da bai sani ba. Birkilan da ya shekara ashirin yana aiki gwani ne a fanninsa, kuma ya cancanci girmamawa, amma idan ya karɓi aikin bene mai hawa huɗu yana ƙiyasta rodi da ido, ya shiga hukuncin na biyu. Haka ma injiniyan lantarki da ya sa hannu a zanen ginshiƙai, ko injiniyan gini da ya karɓi aikin madatsar ruwa bai taɓa koyonsa ba. Lasisi bai mayar da mutum masanin komai ba, kuma faɗin "wannan ba fannina ba ne" yana cikin amana.

Mas'ala ta uku ita ce ta bangon da ya karkata. Malamai sun ce idan bangon mutum ya karkata zuwa hanya ko gidan maƙwabci, aka gargaɗe shi a gaban shaidu, ya samu lokacin gyarawa bai gyara ba, to abin da bangon ya halaka yana wuyansa. A ƙarni na 14 na miladiyya, wani magini a birnin Tunis mai suna Ibnur Rami, wanda alƙalai kan aika ya dubo musu gine-ginen da ake jayayya a kansu, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafinsa Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. Kafin shi, Ibn Abdun na Ishbiliya a Andalus ya rubuta a littafinsa na hisba cewa a ajiye ma'aunin tubali tabbatacce da za a riƙa gwada na masu bugawa da shi. A ƙasar Hausa ma sarautar Sarkin Magina ta kasance domin sana'ar ta samu shugaban da ke tsawatarwa. Masallacin Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a shekarun 1830 ya yi kusan shekara 190 a tsaye, abin da ke nuna ingancin aikin farko. Faɗuwar sashensa kuma ta nuna cewa gini komai kyansa yana buƙatar mai duba shi a kai a kai. Fadar Zazzau ta bayyana cewa an ga tsagewa a bangon kwana ɗaya kafin faruwar abin, ana shirin kawo injiniyoyi. Darasin da duk kwamitin masallaci zai ɗauka shi ne a rufe wuri daga lokacin da aka ga alama, a yi sallah a fili har masana su duba.

Janye hannu ya isa?

Ranar 1 ga Nuwamban 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ya rushe, ya kashe sama da mutum 40, har da mai ginin. Shugaban hukumar kula da gine-gine ta jihar ya ce izinin hawa 15 aka bayar. Bayan rushewar ne wata wasiƙa ta bayyana, wadda kamfanin injiniyoyin da ya fara aikin ya rubuta wa mai ginin tun watan Fabrairun 2020, yana sanar da janyewarsa, yana kuma nuna cewa ba a ba shi sakamakon gwajin kankare ba. Wannan kamfani ya yi abin da da yawa ba sa iyawa, ya bar kuɗi don ya tsira da mutuncinsa. Amma aiki ya ci gaba fiye da wata 20 bayan wasiƙar, leburori suna hawa suna sauka ba su san da ita ba.

A nan ne tambaya mafi wuya take. Injiniya yana da wajibin riƙe sirrin wanda ya ba shi aiki, amma sirri yana da iyaka, kuma iyakarsa ita ce inda rayuwar wasu ta shiga haɗari. Aya ta 283 a Suratul Baƙara ta hana ɓoye shaida, ta siffanta mai ɓoyewa da mai zunubin zuciya. Matakan a jere suke: ya faɗa wa mai aiki da baki, ya rubuta masa, ya ƙi sa hannu, ya janye, idan kuma haɗarin na nan ya sanar da hukumar da ke da ikon dakatar da aikin. Wanda ya tsaya a mataki na huɗu ya kuɓutar da kansa daga tuhuma, wanda ya kai na biyar shi ne ya kuɓutar da mutane. Sai dai wajibi ne a faɗi gaskiya: wanda ya kai ƙara a ƙasarmu yakan rasa aiki, wani lokaci ya gamu da barazana. Haƙƙi ne a kan COREN da gwamnatocin jihohi su samar da hanyar kai rahoto da ke kare mai kaiwa.

Akwai wani nau'in jarumta kuma, wato mutum ya tona kuskuren kansa. A 1978, injiniya William LeMessurier ya sake duba lissafin wani dogon bene mai hawa 59 da ya tsara a birnin New York na Amurka, bayan tambayar da ta fito daga wajen ɗalibi. Ya gano cewa an sauya yadda aka haɗa ƙarafan ginin, kuma iska mai ƙarfi na iya kayar da shi. Babu wanda ya sani sai shi. Ya je ya faɗa wa masu ginin, aka yi ta walda da dare har aka ƙarfafa shi. Har yau ana koyar da labarinsa a makarantun injiniya. Ɗalibanmu su lura cewa tambayar ɗalibi ce ta buɗe ƙofar.

Madatsun ruwa da aikin gwamnati

Injiniyoyi da yawa ma'aikatan gwamnati ne, kuma jarrabawarsu ta fi ta kowa. Su ke sa hannu a takardar da ke cewa an kammala aiki kafin a biya ɗan kwangila, su ke rubuta rahoton halin da gada ko madatsa take ciki. Madatsar Alau an gina ta a tsakiyar shekarun 1980, kuma Maiduguri ta taɓa ganin babbar ambaliya a 1994, don haka haɗarin ba baƙo ba ne. A birnin Darna na ƙasar Libiya, madatsu biyu sun ɓalle a watan Satumban 2023, dubban mutane suka halaka, alhali wani masani ɗan ƙasar ya wallafa gargaɗi a kansu shekara guda kafin nan. A 2024 kotun Libiya ta ɗaure jami'ai 12 kan lamarin. A Nijeriya kuwa, ginin masaukin baƙi na cocin Synagogue da ya rushe a Legas a 2014 ya kashe mutum 116, binciken kotu ya ɗora laifin a kan rashin ingancin ginin, aka gurfanar da injiniyoyi biyu, shari'ar ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. Inda hukunci ke jinkiri haka, tsoron Allah da kunyar sana'a ne kaɗai ke rage wa jama'a, shi ya sa tarbiyyar injiniya ta zama maganar kowa.

Ƙaddara da sababi

Mumini ya yi imani cewa babu rai da zai mutu sai da ajalinsa, kuma wannan imani shi ke sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi. Amma ba a kafa hujja da ƙaddara don wanke mai sakaci. Da haka ne, da shari'a ba ta wajabta diyya da kaffara a kisan kuskure ba. Lokacin da Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya amsa cewa daga wata ƙaddarar Allah yake gudu zuwa wata. Gwajin ƙasa da lissafin rodi suna cikin sabuban da aka umarce mu da riƙo. Iyalan mamaci suna da ikon yafe haƙƙinsu, amma hukuma ba ta da ikon yafe bincike, domin bincike haƙƙin waɗanda za su shiga gini na gaba ne.

Abin da ya rage gare mu

Gaskiyar da ba a so a faɗa ita ce yawancin gidaje da shaguna da makarantun unguwanninmu babu injiniyan da ya taɓa ganinsu. Mai gida kan ga kuɗin injiniya asara ne, alhali kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin ginin. Masallatai da makarantun Islamiyya sun fi shiga wannan haɗari, domin da taimakon jama'a ake gina su, a hankali a hankali. A yi harsashin ginin ƙasa, bayan shekara biyar ɗalibai su yi yawa a ɗora bene, bayan wasu shekaru a ƙara wani, ba wanda ya tambaya ko harsashin zai ɗauka. Kyakkyawar niyya ba ta ƙara wa ginshiƙi ƙarfi.

Mai shirin gini, musamman bene, ya nemi lambar rajistar injiniyan ya tabbatar da ita wurin COREN, ya nemi izinin hukumar tsara birane kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, ya rubuta a yarjejeniya cewa injiniyan zai zo da ƙafarsa ya duba rodi kafin a zuba kowane dakin. Kada a ƙara hawa a kan tsohon gini sai masani ya auna. Iyaye su ɗaga kai su dubi ginin makarantar 'ya'yansu kamar yadda suke duba sakamakon jarrabawa: tsagewar da ke faɗaɗa, dakin da ya lotsa, rodin da ya fito ya yi tsatsa, ƙofar da ta daina rufuwa, duk alamu ne da ba a jira da su. Injiniyoyi Musulmi kuma suna da wata ƙofar sadaka da ba kowa ke da ita ba, wato su duba masallatai da makarantun unguwanninsu kyauta, su rubuta abin da suka gani.

Ga ɗalibin da ke karatun injiniya a Zariya ko Kano ko Maiduguri ko Bauchi, amanar tana farawa tun daga aji. Wanda ya saci amsa a darasin lissafin ƙarfin gini zai fita da takarda babu ilimin, kuma wata rana za a miƙa masa zane ya sa hannu. A Suratul Ƙasas, 'yar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ɗaukar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, aiki saboda siffofi biyu, ƙarfi da amana. Ƙarfin injiniya iliminsa ne, amanarsa kuma ita ce abin da yake yi a wurin da za a rufe da kankare babu mai sake gani.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a Jos da Maiduguri da Kano da Zariya da Legas, ya ba iyalansu haƙuri, ya ba masu riƙe da hatimi ikon faɗin gaskiya ko da za ta raba su da kwangila.